Akwatin Bagaruwa da Na Kai Ingila

Da akwati biyu na shiga jirgin ruwa a Ikko. Ɗaya na ƙarfe ne, na tufafina. Ɗayan na katako ne, cikinsa gwangwanaye sittin, kowanne da lambarsa, an liƙe bakinsa da kakin zuma, a ƙarƙashinsu kuma ganyaye ne da na danne cikin takardu. Shekara biyu na yi ina tara abin da ke cikin akwatin nan, kuma saboda shi aka tura ni Ingila, ba don kyan fuskata ba.

Sunana Haliru, ɗan majema ne ni a birnin Sakkwato. Mahaifina majemi ne, kakana ma haka. A gidanmu ni kaɗai aka kama zuwa makarantar boko, na ƙare a malamin daji. Wata rana Baturen daji ya gan ni na tsinci kwanson bagaruwa a ƙasa na tauna, na ce wannan ta fadama ce, ba ta tudu ba. Ya tsaya yana kallona. Ni ban ga abin kallo ba, don duk ɗan majemi da harshe yake sanin bagaruwar da za ta jeme fata da wadda za ta ɓata ta. Ashe yana da aboki a Ingila, wani Dakta, wanda aikinsa shi ne rarrabe dangin wake, wato duk tsiron da ke yin kwanso, tun daga gyaɗa har ɗorawa. Malaman da suka riga shi da fure da ganye suke raba su. Shi kuwa yana so ya raba su da sinadaran da ke cikin jikinsu, ya san wace itaciya ce 'yar'uwar wace.

Abin da ya nema shi ne kwanson bagaruwa da na danginta, irin su gawo da farar ƙaya da dakwara da ƙirya. Kowace itaciya daban, a shanya, a cire ƙwallon, a daka, a zuba a gwangwani mai lamba, a danne ganyenta da lamba iri ɗaya. Ladan da aka yi mini alkawari shi ne karatun shekara biyu a hannunsa, in dawo da takardar shaida in riƙe ofishin da Turawa ke shirin bari, don saura shekara uku a lokacin a karɓi mulkin kai. Na bi fadamar Kwalkwalawa da gaɓar gulbin Rima, na hau tudu har kusa da iyakar ƙasar da Faransa ke mulka a kan raƙumin haya. Ƙayar da ta shiga ƙafata a shekarun nan biyu, Allah kaɗai ya san yawanta.

Mako biyu muka yi a kan teku, kuma rabinsu a kwance na yi su ina amai. Ni da ban taɓa ƙetare ruwan da ya fi Rima ba, ga ni a wurin da babu gaɓa ko'ina. Naman jirgin ban yarda da shi ba, sai burodi da shayi. Wani kuku mutumin Saliyo ya lura da yadda na rame, ya riƙa ajiye mini shinkafa da kifi a bayan ɗakin girki, sai ya nuna mini kwanon da haɓa. Abokan ɗakina 'yan Ikko ne masu zuwa karatun lauya, su suka sa wa akwatin katakon suna amaryata, don ko wanka zan shiga sai na roƙi wani ya sa mata ido. Ban ji haushinsu ba, gaskiya suka faɗa.

Mun sauka Libaful da hantsi, ana yayyafi. Sanyin wurin ba fata yake taɓawa ba, ƙashi yake nema. Wanda aka ce zai tare ni bai zo ba. Ina tsaye ina rarraba ido sai ga wani Bature da hula mai baki kamar ta ma'aikata, ya karanta sunana a jikin akwati, ya kira ni da shi, ya ce shi aka aiko. Wallahi har hamdala na yi. Ya sunkuya zai ɗauki na katakon, na dafe shi, na ce wannan ni zan ɗauka, ya ɗauki na ƙarfen. Ya yi murmushi ya saɓa a kafaɗa, ya ce in jira shi nan ya samo mota. Na jira har aka fara rufe ƙofofi. Rigunana, da bargona, da babbar kwat da Baturen daji ya ba ni, da kilishin da aka yo mini guzuri, duk sun tafi. Amma da na zauna a kan akwatin katakon sai na ji sanyi a raina, na ce da sauƙi, wanda ya fi muhimmanci yana hannuna.

Wani dattijo Balarabe ɗan Yaman, mai aikin jirgi, shi ya tsince ni. Ya ga hulata ya yi mini sallama. Da guntun Larabcin makarantar allo muka fahimci juna. Ya kai ni gidan da suke haya, ya nuna mini alƙibla, ya ba ni miya mai zafi, da safe ya cire kwat ɗinsa ya sa mini, hannunta ya wuce yatsuna. Shi ya sa ni a jirgin ƙasa. Ban tambayi sunansa ba, kuma har yau abin yana damuna.

A garin da Dakta yake, gida huɗu na ƙwanƙwasa da takardar neman ɗaki a hannuna. A uku an dube ni an ce an riga an ba wani, a na huɗu ma ba a buɗe ba, labule kawai na ga ya motsa. A ƙarshe na sami wani ɗaki can saman bene, rufinsa a karkace, in na miƙe sai na sunkuyar da kai. Rana ba ta fitowa, in ta fito ba ta da zafi. Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna a guje kamar ana korarsu. Abin da na fi kewa ba tuwo ba ne, warin majema ne, warin nan da mutanen gari ke toshe hanci saboda shi.

Dakta dogo ne, mai lofe a baki kullum, ba ya dariya amma ba mugu ba ne. Ranar da na kai masa akwatin ya shafa katakon, ya duba ganyayen ɗaya bayan ɗaya, ya ce aikin mai hankali ne. Gwangwanayen kuwa ya kulle su a kabad, ya ce shi da kansa zai buɗe su, ni in fara da koyon wanke kwalabe. Na yi shekara biyu a daji don in zo Ingila wanke-wanke! Wadda ta koya mini wata tsohuwa ce mai suna Misis Ada, gajera, hannunta duk ya yi ja saboda ruwan zafi. Ita ta fara kawo mini safar hannu ta mijinta da ya mutu a yaƙi. Kullum da hantsi sai ta raba burodinta biyu ta turo mini rabi, ta ce babu alade, ta duba.

Daga bakin wurin wanke-wanken na ga yadda aikin yake. Dakta yakan jiƙa garin a cikin wani ruwa mai warin barasa, ya tace, ya ɗiga ɗigo ɗaya a gindin wata doguwar farar takarda. Sai ya rataye takardar a cikin tulun gilashi, bakinta yana taɓa wani ruwan. Ruwan ya riƙa hawa takardar a hankali, yana jan sinadaran da ke cikin ɗigon, kowanne ya tsaya inda ƙarfinsa ya ƙare. In ta bushe ya fesa mata magani, sai tabo-tabo su fito, wani shuɗi, wani ruwan ƙasa, wani rawaya. Kowace itaciya da nata jerin tabon. Waɗanda suke dangi na kusa jerinsu kan yi kama, na nesa kuwa su bambanta. Ya nuna mini na wake da na gyaɗa da na wata itaciyar Indiya, na ga abin da idona. Raina ya yi fari, don na gane abin da harshen Baba ke ji ne aka fito da shi a takarda. Na ƙagara in koma in ba shi labari.

A wata na biyu Dakta ya fara aiki a kan gwangwanayena. Rana ta farko ya rataye takardu shida, suka fito iri ɗaya. Ya ce wataƙila kwalaben ba su wanku ba. Na sake wanke su har fatar yatsuna ta saɓule. Ya sake, suka sake fitowa iri ɗaya. Ya canza ruwan, ya canza takardar, ya canza maganin feshin. Bagaruwar fadama da ta tudu iri ɗaya, wannan ma da sauƙi, ai 'yan'uwa ne. Amma gawo? Ƙirya? Ya jera takardu sittin a kan dogon tebur, tabo a kan tabo, babu wadda ta saɓa wa 'yar'uwarta. Tun daga ranar ya daina amsa gaisuwata da baki, sai da kai.

Da ya fita cin abincin rana na roƙi Misis Ada ta buɗe mini kabad ɗin. Na ɗauko lamba goma sha bakwai. Na san itaciyar, wani tsohon gawo ne a bakin gonar gero a hanyar Kware, ni na hau shi. Tun kafin in taɓa, launin garin ya ba ni tsoro. Na lasa. Bauri ya kama mini harshe har maƙogwaro. Ba gawo ba ne, bagaruwa ce. Kuma ba kowace bagaruwa ba, irin wadda Baba ke ajiyewa a tukunyar ƙuryar ɗakinsa ce, wadda ba ya fito da ita sai za a jeme fatar jar akuya ta manyan mutane. Da ita aka yaye ni, ba zan kasa gane ta ba. Na buɗe na biyu, na uku, na goma, duk ita ce. Na zauna a ƙasa.

Nan na tuna. Da na je Kaduna neman takardun tafiya, kwana tara na bar akwatin a zauren Baba, na ce masa kayan da zan kai wa Turawa ne, su gwada su gani. Iyakar abin da na gaya masa ke nan. Ban zauna na yi masa bayani ba, don a lokacin ina ganin kaina ɗan boko, me tsoho zai gane a aikin lamba?

Bayan mako guda wasiƙarsa ta iso, da ajami, rubutun limamin unguwarmu. Bayan gaisuwa da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, sai ya ce:

“Ɗana, kayan da kab bari zaure na buɗe na ɗanɗana su ɗai-ɗai. Wanga kaya bai isa a kai ma baƙo ba. Wasu ko ɓera ba su jemewa. Na san sauri ya sa ka, ban ga laifinka ba. Na zubar, na cika maka da tawa ta ɗaki, ni da kaina na daka, na maida kakin yadda kay yi. Ban gaya maka ba don kak ka hana ni. Ba a kai sunan gidanmu ƙasar wasu da kayan banza.”

Na karanta ta sau uku a bayan ɗakin wanke-wanke. Baba mutum ne da ya haura saba'in, kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa sosai. Gwangwani sittin ya daka da taɓarya, ya ƙarar da abin da ya fi ƙauna a dukiyarsa, ya zauna yana narka kaki yana liƙewa. Na so in ji haushinsa, wallahi na nema, ban samu ba. Na so in yi kuka, shi ma ya ƙi zuwa.

Ran Litinin Dakta ya kira ni ofishinsa. Ya ajiye lofen, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ya ce shi ba ya son zargin mutum, amma takarda ba ta ƙarya. Ganyayen na itatuwa daban-daban ne, garin kuwa na abu ɗaya ne. Abin da kowa zai ɗauka shi ne na tsinko ganye a hanya, na shiga kasuwa na sayi buhun gari na cika gwangwanaye. Ya ce wata biyu na aikinsa sun tafi a banza, kuma dole ya rubuta rahoto zuwa Kaduna, kwafi zuwa ofishinmu na Sakkwato.

Na ce masa ni na tara su da hannuna, kowanne daga itaciyarsa, amma an taɓa kayan bayan na gama.

“Wa ya taɓa?” in ji shi. Ya jawo takarda ya buɗe alƙalami. “Faɗi sunansa in rubuta. In gaskiya ne, shi za a tuhuma, ba kai ba.”

Wasiƙar tana aljihun kwat ɗin Balaraben nan, ina jin ta a ƙirjina. Na san yadda kwafin rahoto ke tafiya a Sakkwato. Akawu zai karanta, masinja zai ji, kafin La'asar an kai kasuwa. Za a aiko dogari ya kira Baba ofis, ya durƙusa gaban yaran da ya girme wa iyayensu, a fassara masa cewa shi ya lalata aikin gwamnati. Wannan ma ba shi ne babba ba. Babban shi ne zai san cewa da hannunsa ya rushe ɗansa. Na san Baba, ba zai ƙara shekara ba.

Na ce ban san ko wane ne ba.

Dakta ya daɗe yana kallona. Ya ce in tafi in yi tunani, ya ba ni zuwa Juma'a. Kwana huɗun nan na yi su ina neman wata ƙofa. Na roƙe shi ya bar ni in rubuta gida a sake tarawa, ya ce wa zai tara, kuma wa zai yarda da shi? Na ce to a mayar da ni in sake shekara biyun, ya ce wannan ba a hannunsa yake ba. Na yi tunanin in ce ɓarawon Libaful ne ya canza, na ga ko yaro ba zai yarda ba. Na yi tunanin in gaya masa a asirce in roƙe shi kada ya rubuta, amma mutum ne da ko kwalba ta fashe sai ya shigar a littafi. Misis Ada ta same ni a bakin famfo na bar ruwa yana zuba. Ta kashe famfon ta ce ita ta ga fuskata ranar da na lasa garin nan, maƙaryaci ba ya zama a ƙasa haka. Ta tambaye ni ko wani nawa ne. Na ɗauki kwalba na shiga gogewa. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da goge kwalabe. Na ji daga baya ta shiga wurin Dakta ta yi magana, amma maganar mai wanke-wanke ba ta shiga rahoto.

Ran Juma'a ya sake tambayata, na sake ba shi amsa ɗaya. Ya sa hannu a takardar a gabana. Ya ce ya yi baƙin ciki, don ya ga ina da ido a aikin. Na yarda da gaske yake.

Sai da na yi wata ɗaya da rabi ina jiran jirgin komawa. Ba a kore ni daga ɗakin gwajin ba, ba a kuma ba ni aiki ba. Nakan zo da safe in zauna kusa da tukunyar ɗumama ɗaki, don can saman benen sanyi ba ya barin mutum. Ina kallo aka kwashe gwangwanayena aka zubar da garin a kwandon shara. Ganyayen dai Dakta ya ajiye su. Wani ɗalibi ya zo daga ƙasar Silon da nasa akwatin, na ga takardunsa suna fitowa kowace da kalarta, Dakta yana tsaye a kansu yana zuƙar lofe. Ranar tafiyata Misis Ada ta raka ni tasha da burodi a ƙunshe, ta riƙe hannuna da nata biyu.

Rahoton ya riga ni isa. A Kaduna wani akawu ya miƙo mini takardar sallama ta taga, bai ko ɗago kai ba. A ofishinmu na Sakkwato Baturen daji ya ƙi ganina. Abokan aikina sun san abin da aka rubuta, suka bi ni da kallo, babu wanda ya ce in zauna. Na roƙi babban akawu abu ɗaya, don Allah kada maganar ta kai majema. Ya ce shi ba ruwansa da majema, maganar ba ta fita ofis ba kuma ba za ta fita ba, kuma ya cika alkawari. A unguwa na ce sanyi ne ya kore ni, ban iya zama ba. Nan da nan aka sa mini suna Haliru Gudun-sanyi, har yara suna kira.

Na sami Baba a bakin kwatarniyar jima da hantsi, hannunsa cikin ruwan bagaruwa har gwiwar hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce na rame, ya ce an gaya masa sanyin ƙasar ba na mutane ba ne. Sauran majema suka dakata da aiki suka matso. Sai ya share hannunsa a zane, ya rage murya, amma yadda kowa zai ji.

“To, ƙaƙa? Sun gwada ta?”

Na ce sun gwada, Baba.

“Mi sunka ce?”

Na ɗaga kai. Idanunsa suna kaina, na mutanen ma haka.

“Sun yaba, Baba,” na ce. “Sun yaba ƙwarai.”

Ya juya ya dubi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa ta cika da haske. Sannan ya dafa kaina da hannun nan mai sanyin ruwan jima.

“Kak ka damu da zancen mutane, ɗana. Sanyi ba laifinka ba na. Kai dai ka kasa, amma kayanmu ba su ba ka kunya ba.”

Na ce haka ne, Baba. Ya matsa gefe ya ba ni wuri a bakin kwatarniyar, na naɗe hannun rigata na tsoma hannu a ruwan.